Yadda Ake Gwajin Kwaikwayo Kafin a Tace ko a Matse Bayanan Tarihi na Masana'anta

Tag ɗaya, wato ma'auni guda da ake bibiya a masana'anta kamar zafin wani tanki, da ake karantawa kowane sakan yana tara awo 86,400 a rana, wato 31,536,000 a shekara. Masana'antar da ke da tag 10,000 za ta tara awo miliyan 864 kullum. Idan kowane awo ya ci bayit 16, takwas na lokaci takwas na ƙima, ana maganar kusan gigabayit 14 a rana, ko ɗan abin da ya haura terabayit 5 a shekara. Shi ya sa manhajojin ajiye tarihin masana'anta, irin su PI System da AVEVA Historian da Ignition, suke zuwa da hanyoyin zubar da awon da suke ganin ba shi da amfani.

Abin da aka zubar ba ya dawowa. Ranar da famfo ya ƙone, injiniya ya buɗe tarihi don ya ga abin da ya faru minti biyar kafin nan, in ya tarar da miƙaƙƙen layi to shi ke nan. Don haka ba a gwada saiti a kan rumbun ajiye bayanan da ke aiki. A gefe ake gwadawa, da kwafin bayanai, kuma abin da ake aunawa ba yawan wurin da aka rage ba ne kawai. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: abin da ya saura zai amsa tambayar da za a yi masa gobe?

Fara da sanin inda ake zubar da awo

Wurare uku ne, kuma kowane yana da saitinsa.

Na farko yana kusa da na'ura, wurin da ake ɗauko awo daga PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injuna. A nan ake sa tazarar kau-da-kai: idan sabon awo bai bambanta da wanda aka aika na ƙarshe da fiye da wannan tazara ba, ba a aika shi. A PI sunan saitin ExcDev. A OPC UA, ƙa'idar musayar bayanai tsakanin na'urorin masana'anta, ana sa tazarar ko dai da ainihin ma'aunin tag ɗin, ko da kaso cikin ɗari na faɗin awonsa, kuma ta kaso ba ta aiki sai tag ɗin yana da faɗin awo a rubuce.

Na biyu yana cikin rumbun kansa, inda ake matsewa kafin a rubuta. Na uku yana zuwa daga baya, lokacin da bayanai suka tsufa aka mayar da su taƙaitattu na minti ko na awa, aka share asalin. Ka zana hanyar da awo yake bi daga sensa zuwa rumbu a takarda, ka rubuta saitin kowane mataki. Sau da yawa za ka tarar PLC ɗin ma yana da tasa tacewar da aka manta da ita.

Ɗauko ɗanyen awo

Zaɓi tag ashirin zuwa talatin da za su wakilci sauran: zafi mai tafiyar hawainiya, kwararar ruwa mai karkarwa, matsin tururi, tsayin ruwa a tanki, buɗewar bawul, mita mai tara jimla, da tag na kunne-ko-kashe. Ga kowannensu ka ƙirƙiri tagwaye a sabar gwaji, ka kashe masa tacewa da matsewa gaba ɗaya, ka bar shi yana tarawa. Tsawon lokacin ya danganta da aikin masana'antar. Abin da ake so shi ne tarin ya haɗa da tayar da inji, da tsayar da shi, da sauyin kaya, da aƙalla tangarɗa ɗaya. Awon ranakun da komai ke tafiya lafiya kaɗai zai ruɗe ka.

Idan wani ya ba ka fayil ya ce ɗanye ne, ka bincika. Ɗauki bambancin kowane awo da na gabansa, sannan ka sake ɗaukar bambancin waɗannan bambance-bambancen. In sifili ya yi yawa a jere alhali ƙimar tana hawa ko sauka, to layi ne da manhaja ta ja tsakanin awo biyu, an riga an matse. A 2004 Thornhill da Choudhury da Shah sun wallafa bincike a mujallar Journal of Process Control da ya kawo irin wannan hanyar gano matsewa, suka kuma nuna cewa matsewa tana gurɓata nau'o'in nazari da dama da ake yi da bayanan tarihi. Gwada matsewa a kan abin da aka riga aka matse ɓata lokaci ne, sakamakon zai yi kyau ƙwarai amma ba zai gaya maka komai ba.

Ƙara abin da ɗanyen awo bai kama ba

A nan sigina na kwaikwayo suke shigowa. KEPServerEX, manhajar ɗauko awo daga na'urori, yana da direban kwaikwayo mai samar da siginar RAMP da SINE da RANDOM, Ignition yana da nasa na'urar kwaikwayo da ake shiryawa, PI kuma an san shi da tag ɗin SINUSOID. Suna da amfani wajen tabbatar da cewa bututun bayanai yana aiki. Amma sigina mai santsi da babu karkarwa a cikinta tana matsuwa da sauƙin da babu sensar gaske da za ta yi, saboda haka kada ka ɗauki sakamakonta ka kai wa shugaba.

Hanyar da ta fi ita ce ka ɗauki kwafin ɗanyen awonka ka dasa masa abubuwa da hannunka, a lokutan da ka sani. Dasa tsalle na farat ɗaya. Dasa tsini na sakan biyu ko uku wanda ya hau ya sauko. Dasa zamewa a hankali, misali digiri ɗaya cikin awa shida. Dasa ƙaramin kai-kawo mai maimaituwa, irin wanda bawul mai maƙalewa yake haifarwa, da girma daban-daban. Sannan ka sa lokacin da awo ya daskare a ƙima ɗaya, da lokacin da alamar inganci ta koma mara kyau, da giɓin yankewar sadarwa. Ka ajiye jerin lokutan a wani fayil dabam, domin da shi za ka duba ko kowane ya tsira.

Fahimci ƙyauren kafin ka taɓa lambarsa

Mafi shaharar hanyar matsewa ita ce ta ƙyaure mai lilo, wadda Edgar Bristol na kamfanin Foxboro ya samu lasisin ƙirƙirarta a Amurka a 1987. Yana da kyau ka lissafa ta da hannu sau ɗaya, don daga nan lambar da kake sawa za ta daina zama ta ka-cici-ka-cici.

A ce awon ƙarshe da aka ajiye 50.0 ne, tazarar matsewa kuma 0.5. Ana kafa maƙalai biyu, ɗaya a sama a 50.5, ɗaya a ƙasa a 49.5. Daga kowane maƙali ana jan layi zuwa sabon awo, a lissafa karkatarsa: ƙimar awo a cire ta maƙali, a raba da sakan nawa suka wuce. Ƙyauren sama yana riƙe karkata mafi girma da ya taɓa gani, na ƙasa yana riƙe mafi ƙanƙanta.

Sakan na 1 awo ya zo 50.2: na sama −0.3, na ƙasa 0.7. Sakan na 2, 50.5: na sama 0, na ƙasa 0.5. Sakan na 3, 50.7: wajen 0.07 da 0.4. Sakan na 4, 50.9: 0.1 da 0.35. Har yanzu na sama bai kai na ƙasa ba, ma'ana akwai miƙaƙƙen layi ɗaya da zai iya wakiltar duka. Sai sakan na 5 ya zo da 49.8. Na sama ya tsaya a 0.1, amma na ƙasa ya faɗo 0.06. Sun haye juna. Sai a ajiye awon da ya gabata, wato 50.9 na sakan na 4, a mayar da maƙalan kansa, a sake farawa. Awo uku na tsakiya sun tafi. In ka ja layi daga 50.0 zuwa 50.9 za ka samu 50.225 da 50.45 da 50.675, kusa sosai da na gaskiya.

Abu biyu suka fito daga wannan lissafi. Zamewa a miƙe, komai nisanta, awo biyu ke wakiltarta, wanda tazarar kau-da-kai kaɗai ba za ta iya ba. Amma duk kai-kawon da ya ɓuya tsakanin ƙyauren biyu ya ɓace ke nan ɗungurungum. Bawul ɗin da ke lilo da 0.3 ba zai bar wata alama a rumbu mai tazarar 0.5 ba. Kuma kowace manhaja tana da ɗan bambanci a yadda ta aiwatar da hanyar, shi ya sa lissafin da za ka rubuta da kanka, misali da harshen kwamfuta na Python, yake da kyau wajen rage zaɓi, amma hukuncin ƙarshe sai an bi ta cikin manhajar kanta.

Shirya sabar gwaji da tura bayanai

Ga kowane tag na asali ka ƙirƙiri kwafi da yawa, kowanne da saitinsa, da suna mai faɗin saitin. Ka daidaita faɗin awo da nau'in ƙima da na asali. Sannan ka tura musu awo iri ɗaya a jere iri ɗaya.

Akwai tarkuna biyu a nan. A PI tacewar farko a wurin ɗauko awo ake yinta, ba a rumbu ba, don haka in ka rubuta bayanai kai tsaye zuwa rumbu ka tsallake ta ba ka sani ba. Dole ko dai ka bi ta wannan hanyar, ko ka yi tacewar da kanka kafin ka tura. Na biyu, awon da ya zo da lokacin da ya girmi na ƙarshe da tag ɗin ya karɓa ba ya bi ta matsewa a PI, ajiye shi ake yi yadda ya zo. Saboda haka in za ka maimaita gwaji ka yi amfani da sababbin tag, ko ka matsar da lokutan gaba, kuma ka jera fayil ɗinka daga tsoho zuwa sabo. A wasu manhajojin ka duba takardunsu a kan wannan batu kafin ka fara. Ka rubuta duk lokutan da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya.

Daga ina lambar farko za ta fito?

Daga na'urar awo, ba daga lambar da manhaja ta zo da ita ba. Ɗauki sensar zafi mai faɗin awo 0 zuwa 200, mai aiko da siginar 4–20 mA zuwa katin da ke da bit 12. Matakai 4,096 ke nan a mafi yawa, kowane mataki wajen digiri 0.05. Tazarar da ta gaza wannan ba ta tace komai. A ɗaya ɓangaren, kashi 1 cikin ɗari na faɗin awon digiri 2 ne cur, kuma a aikin da ake riƙe zafi cikin rabin digiri wannan makanta ce.

Nemi wani yanki na ɗanyen awon inda aiki yake a natse, ka auna girman karkarwar da ke ciki. Wannan ita ce madogararka. Shawarar da aka saba bayarwa a PI ita ce tazarar matsewa ta yi daidai da iyakar abin da na'urar ke iya bambancewa, tazarar kau-da-kai kuma ta zama kamar rabinta. Mafari ne mai kyau. Sai dai a kula da wani ruɗu. Sensar zafi ta Pt100 ajin A, bisa ƙa'idar IEC 60751, tana iya kaucewa da digiri 0.35 a zafin digiri 100. Wannan kaucewa ce daga ainihin zafi, ba wai sensar ba ta ganin sauyin digiri 0.1 ba. Wanda ya ɗauki 0.35 ya sa a matsayin tazara ya zubar da motsin da sensar ta gani sarai.

Daga madogarar ka gwada rabinta, da ita kanta, da ninki biyu, da huɗu, da takwas.

Lokaci mafi tsawo da mafi gajarta

Kowane tag yana buƙatar iyakar lokacin da za a tilasta ajiye awo ko da bai motsa ba. A PI ExcMax, na tacewar farko, yana zuwa da sakan 600, CompMax na matsewa kuma da sakan 28,800, wato awa takwas. In babu wannan iyaka ba za ka iya bambance tag ɗin da ya natsu da wanda ya mutu ba. Awa takwas ta yi yawa ga tag ɗin da ake kai rahotonsa kowace awa, ka rage.

Iyakar mafi gajartar lokacin da dole ya wuce kafin a ajiye sabon awo kuwa, ni dai ina barinta a sifili sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Ita ce ke cinye tsinin sakan biyu da ka dasa.

Auna sakamako

Karanta kowane kwafi daga rumbu a daidai lokutan ɗanyen awon, ka bar manhaja ta cike giɓin yadda take yi wa kowa. Sannan ka jera su gefe da gefe. Lissafa rabon matsewa, wato yawan ɗanyen awo a raba da yawan wanda aka ajiye. Lissafa kaucewa mafi girma da matsakaiciyar kaucewa. Kada ka ɗauka kaucewar ba za ta wuce tazarar da ka sa ba, domin kuskuren tacewar farko da na matsewa suna haɗuwa.

Bayan haka sai ainihin gwajin: yi lissafin da mutanen masana'antar suke yi da wannan tag ɗin, sau biyu, da ɗanye da matsattse. Jimlar ruwan da ya wuce a rana. Minti nawa zafi ya yi sama da iyaka. Ƙololuwar matsi. Yawan warwatsuwar awo, wanda masu daidaita PID, wato tsarin da ke riƙe awo a inda ake so, suke dogara da shi, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa tunda matsewa tana goge karkarwa. Sai ka ɗauko jerin abubuwan da ka dasa ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Matsakaici yana da nasa tarkon. A ce kwarara ta tsaya a 20 na minti 50 da awo ɗaya tak a rumbu, sannan ta koma 80 na minti 10 da awo tara. Wanda ya tara awon goma ya raba da goma zai samu 74. Gaskiyar lamari 30 ne, in aka auna kowace ƙima da tsawon lokacin da ta yi. Duk rahoton da ke ɗauko bayanai daga rumbu ya yi matsakaici a Excel ko SQL yana buƙatar a duba shi, don da zarar an kunna matsewa awon ya daina zuwa da tazara iri ɗaya.

Zana rabon matsewa da kaucewa a jadawali ɗaya. A tag mai karkarwa za ka ga rabon ya yi tsalle da zarar tazara ta haura girman karkarwar, daga nan kuma ribar ta fara raguwa alhali kaucewa na ci gaba da hawa. A wannan gwiwar ake tsayawa. Ƙarin ribar da ke gaba yawanci ba ta kai abin da za a rasa ba.

Tag na kunne-ko-kashe da na umarnin da mutum ke sauyawa ba sa shiga wannan lissafi. Ana ajiye su duk lokacin da suka sauya, a kuma saita su a matsayin masu hawa mataki, in ba haka ba zane zai nuna famfo yana kunnuwa a hankali cikin awa uku. Mita mai tara jimla ma kada a sa mata tazara da kaso, tunda faɗin awonta yana iya kai miliyoyi. Ka kuma gwada lokacin da take komawa sifili.

Taƙaita tsofaffin bayanai

Wannan matakin ya fi haɗari domin shara yake yi da yawa lokaci guda. Tsarin da aka saba shi ne hawa-hawa, misali cikakken awo na wata uku, taƙaitawar minti ɗaya na shekara biyu, ta awa ɗaya har illa masha Allahu. Waɗannan lambobi misali ne kawai, dokar da ke kan masana'antar da buƙatar masu bincike su za su yanke. Masana'antar magani da ke ƙarƙashin 21 CFR Part 11 na hukumar FDA ta Amurka, alal misali, ba injiniya kaɗai ke yanke shawarar share bayananta ba.

A kowane taƙaitaccen zango ka ajiye matsakaici mai auna lokaci, da mafi girma, da mafi ƙanƙanta, da kason lokacin da awon yake da inganci. Matsakaici kaɗai yana haɗiye tsini: matsin da ya yi tsalle na sakan biyar ba zai bayyana a matsakaicin awa ba. Kason ingancin kuma shi zai ba ka damar haɗa minti sittin su zama awa daidai, ko da wasu mintocin rabinsu giɓi ne.

Ba sai ka jira wata uku ka ga sharar ta yi aiki ba. A sabar gwaji ka gajarta zangunan, cikakken awo na awa biyu, na minti na kwana ɗaya, ko ka loda bayanai masu tsohon kwanan wata. Ka tabbatar da abu uku da idonka. Ana gama lissafin taƙaitawa kafin a share asalin, ko da an kashe sabar a tsakiyar aiki, kuma lallai ka kashe ta ka gani. Awon da ya makara, irin wanda na'ura ta riƙe lokacin yankewar sadarwa ta turo daga baya, yana sa a sake lissafin zangonsa. Sannan zanen da ya ratsa iyakar cikakken awo da taƙaitacce ba ya nuna tsalle ko giɓin ƙarya. In yankin yana sauya agogo da yanayi, ka gwada ranar mai awa 23 da mai awa 25.

Ka tambayi kanka ko ma ana buƙatar zubarwar

An ƙirƙiri ƙyaure mai lilo a zamanin da wurin ajiya yake da tsadar gaske. Yanzu akwai matsewar da ba ta zubar da komai. A 2015 injiniyoyin Facebook sun bayyana tsarin Gorilla, wanda ya rage awo daga bayit 16 zuwa matsakaicin bayit 1.37 a bayanansu ba tare da asarar ko ɗaya ba, kuma rumbuna irin su InfluxDB da Prometheus suna amfani da dabaru irin nasa. Awon sensa mai karkarwa ba lallai ya matsu haka ba, don haka ka sa shi cikin gwajinka ka gani da bayananka. Ga tag ɗin da ake daidaita PID da su, da na tsaro, da waɗanda za a horar da manhajar hango lalacewa da su, ra'ayina shi ne a bar su ɗanye, a nemi ragin a sauran dubban da ba kowa ke buɗewa ba.

Kai saitin rumbun aiki

Fara da rukuni ɗaya ƙarami. Ka fitar da tsohon saitin kowane tag zuwa fayil kafin ka sauya, ka rubuta ranar da dalilin. Bar tagwayen ɗanyen awo suna ci gaba da tarawa na wasu makonni, ka maimaita kwatancen da sabon awo, ka nuna wa masu aikin ɗakin sarrafawa zanen biyu ba tare da ka gaya musu wanne ne wanne ba. In sun gane bambancin a abin da ya dame su, rage tazarar.

Daga nan ka haɗa wannan gwaji da tsarin sauya kayan aiki. Duk lokacin da aka canza sensa ko aka faɗaɗa awonta, a sake duba tag ɗin, musamman in tazararsa da kaso aka sa. Sensar da aka mayar daga 0–200 zuwa 0–500 tana da kashi 0.1 cikin ɗari kamar da, amma tazararta ta tashi daga digiri 0.2 zuwa 0.5 ba tare da kowa ya taɓa saitin matsewa ba.